Yadda za ka zaɓi taya wa motar bagi in za ka shiga dusar ƙanƙara da ita

Tambayar nan dai ta ƙi ƙarewa, kusan duk wanda ke da bagi, wato ƙaramar buɗaɗɗiyar motar nan ta hawa tudun yashi, in sanyi ya kama, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, sai ya turo yana cewa wai wace taya zai saka, kuma yawanci so suke a faɗa musu suna ɗaya kawai su je su saya. To babu wannan sunan. Abin da ke akwai shi ne ka fara sanin irin dusar da za ka taka, sannan ka tuna motarka ba ta da nauyi kuma ɗan nauyin ma duk yana baya, daga nan zaɓin zai zo da kansa. Ina magana ne a kan bagi irin wadda aka gina a kan injin da ƙafafun Volkswagen Beetle, inji a baya, tayoyin baya ne ke ja, amma mai wata irin ma zai tsinci nashi a ciki.

1. Fara da dusar, taya ta jira

Ɗauki sanda ko shebur ka je wajen da kake son tuƙi ka soka. In ka ji ka taɓo ƙasa mai tauri kusa, misali dusar ba ta wuce rabin ƙwauri ba, to dusarka mai gindi ce, kuma aikin tayarka shi ne ta yanka ta sauka ta kama ƙasar nan. Nan siririyar taya ce ke aiki. In kuwa sandar ta nutse har ta wuce tsayin da cikin motarka yake daga ƙasa, to ba gindin da za ka tarar, kafin taya ta kai ƙasa cikin motar ya riga ya zauna daram a kan dusa, tayoyi na ta juyawa a banza. Nan kuma so ake motar ta yi iyo a sama kamar yadda take yi a yashi, wato taya mai faɗi da iska kaɗan.

Akwai ta uku, ita ce ma ta fi cutar mutane, dusar da motoci suka tattake ta daskare ko ta narke da rana ta sake kamawa da dare ta zama ƙanƙara sul kamar gilashi. A wannan faɗi ko tsayin haƙori ba abin da suke tsinana maka, laushin roba da ƙananan tsagogi da ƙusar da ake dasawa a jikin taya su ne maganar.

Duba masu tseren mota a dajin Suwidin lokacin sanyi, tayarsu siririya ce cike da ƙusoshi, sannan duba manyan jif-jif na Aislan da ke hawa kan tsaunukan ƙanƙara da taya mai inci 38 ko 44 sun sace iskar saura kaɗan. Dukkansu daidai suke, dusar ce ba iri ɗaya ba.

Hattara: kar ka zaɓi taya saboda rana guda da aka yi dusa mai zurfi. Zaɓa don irin wadda za ka fi taka a yawancin fitarka.

2. Auna motar kafin ka buɗe aljihu

Kayan aiki a nan tef ne na awo da jak da takarda. Abu huɗu za ka rubuta.

Na farko ramukan noti na wili. Tsofaffin Beetle rami 5 ne masu tazara, 5x205, wato rami 5 a kan da'ira mai faɗin milimita 205, na baya-baya kuma rami 4 ne, 4x130, kuma da yawan bagi an haɗa su ne da kayan shekaru daban-daban, za ka iya tarar da gaba iri ɗaya baya wani iri, don haka ƙirga da idonka kar ka bi shekarar da ke takarda. Na biyu girman wilin da faɗinsa, galibi inci 15 ne. Na uku lambar da ke jikin tayar da kake da ita yanzu. In ka ga 235/75R15, 235 faɗi ne a milimita, 75 tsayin gefe ne wato kashi 75 cikin ɗari na faɗin, 15 kuma wili. In ka ga 31x10.50R15, wannan kai tsaye ne, tsayi inci 31, faɗi inci 10 da rabi. Na huɗu filin da ya rage tsakanin taya da madigadi da shokozoba da tiyon birki, ka murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu ka auna, ka sa wani ya danna motar ƙasa ka sake aunawa.

Hattara: bar fili fiye da yadda ka saba bari a yashi. Yashi zubewa yake yi, dusa kuwa mannewa take a cikin madigadi ta daskare ta zama dutse, sai ka ji sitiyari ya ƙi juyawa. In kuma kana da niyyar ɗaura sarƙa nan gaba sai ka ƙara mata nata filin tun yanzu.

3. Cire tayar yashi ka ajiye

Tayar nan mai fikafikai kamar cokula da ake hawa tudu da ita, na san tana ba da sha'awa, kuma ba zan yi ƙarya ba a dusa sabuwa mai zurfi takan tura mota gaba. Amma gaba kawai ta sani. Ba ta riƙe gefe, da ka zo kwana ko gangare mai karkata sai gindin motar ya wuce ka, in ka hau wurin da ya daskare kuwa tamkar ba taya, ga robar tana sandarewa a sanyi fikafikan su iya tsagewa. Ta gaba mai sulɓi da ɗan layi ɗaya a tsakiya ita ma haka, birki ba ya jin ta sam. Ajiye su sai zafi.

4. Zaɓi irin tayar

Nan ne aikin yake, bari mu ɗan zauna.

Tayar sanyi ta ainihi, irin su Bridgestone Blizzak ko Nokian Hakkapeliitta ko Michelin X-Ice, abin da ya bambanta ta shi ne robar. Robar taya ta yau da kullum tana fara taurarewa in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Selshiyos, ita kuwa wannan tana nan da laushinta. Sannan in ka duba haƙoranta za ka ga an tsattsaga su da ƙananan layuka sirara masu zigzag, waɗannan ne ke buɗewa su ciji ƙanƙara, kuma suna riƙe dusa a jikinsu, abin mamaki dusa da dusa sun fi kama juna a kan roba da dusa, kamar dai yadda ake dunƙula ta a hannu ta manne. Ga dusa mai gindi da wadda aka tattake da ƙanƙara, wannan ce zaɓina ba tare da wani kwana-kwana ba. Rauninta gefe ne, laushi gare shi, kututture ko dutsen da dusa ta ɓoye zai iya farke shi.

Tayar kowane-fili, wadda ake rubuta A/T a jikinta, ita ce ta tsakiya. Gefenta ya fi ƙarfi, haƙoranta sun fi zurfi, in hanyarka daji ce mai duwatsu a ƙarƙashin dusa ta fi dacewa. Amma ba kowace ba, nemi mai tambarin dutse mai kawuna uku da hoton ƙwayar dusa a ciki, wannan tambarin na nufin an gwada ta a dusa ta ci jarrabawa. BFGoodrich KO2 misali tana da shi.

Tayar laka, M/T, mai manyan haƙora kamar na tarakta, ita ce kowa ke gudu ya saya don ta fi kama da jarumta. A dusa mai zurfi mai laushi ko dusar da ta cakuɗe da taɓo tana yi, tana watsar da abin da ta ɗebo ba ta toshewa. A ƙanƙara kuwa ita ce ta ƙarshe a aji, manyan haƙoran nan lafiyayyu ne ba tsaga, robar ga tauri, santsi kawai. Kuma tana haƙa rami da sauri, in ƙafarka na da nauyi a totur kafin ka ankara ta binne ka.

Hattara: rubutun M+S kaɗai ba shaida ba ce. Wannan yana magana ne a kan fasalin zanen taya, ba gwajin dusa aka yi mata ba, tayoyi barjat suna ɗauke da shi kuma a sanyi ba sa komai.

Wani abu da mutane ke tsallakewa shi ne ƙarfin ɗaukar kaya. Za ka ga harafi C ko D ko E a jikin tayoyin manyan motoci. Mai E an yi ta ne don motar da ke jan tirela, gefenta kamar katako, bagi kuwa ko tan ɗaya galibi ba ta kai ba, ba ta da nauyin da zai lanƙwasa wannan gefen, ko ka sace iska sai ka ga tayar tana tsaye ƙyam ba ta baje ba. Ɗauki ta ƙaramar mota ko in ya yi yawa mai C. Ta fi araha ma.

5. Girma: baya daban, gaba daban

A baya, in dusarka mai gindi ce sauko daga faɗin da ka saba, wani abu tsakanin 205 zuwa 235 ya wadatar. In mai zurfi ce sai ka tafi irin 31x10.50, tsayin ma yana ɗaga cikin motar. Sai dai tsayi da kuɗinsa yake zuwa. Tayar asali ta Beetle 165/80R15 tsayinta wajen inci 25 da ɗigo 4 ne, 235/75R15 ta kusa inci 29, in ka haura 31 ka ƙara kusan kashi 22 cikin ɗari a kan ta asali, ma'ana kowace giya ta yi tsawo, ƙaramin inji zai riƙa nishi a giya ɗaya, kai kuma kana ta ƙona kuloci don ka tashi a hankali, ga nauyin da ka ɗora wa giyabos da aksil. In injinka na asali ne ba a taɓa shi ba, kar ka yi zari.

Gaba kuwa, wallahi nan ne aka fi yin sakaci. Kowa hankalinsa na kan tayar da ke ja, alhali matsalar bagi a dusa ba tashi ba ce, nauyin inji na kan tayoyin baya, tashi tana tashi. Matsalar ita ce ka murɗa sitiyari motar ta ci gaba da tafiya miƙe abinta, don gaban fayau yake ba abin da ke danna shi. Saboda haka gaba siririya, 165 zuwa 185, mai zanen sanyi na gaske, don ɗan nauyin da ke wurin ya taru a ƙaramin fili ya ciji ƙasa. Ƙara mata da ɗan nauyi, safaya ko buhun yashi a can gaba ƙasa-ƙasa, a ɗaure tam. Ni da kaina na taɓa kashe kuɗi a baya na bar tsofaffi a gaba, kwanar farko na tsinci hancin motar a cikin tarin dusa sitiyari a murɗe.

Hattara: girma zai iya bambanta tsakanin gaba da baya a motar da baya kaɗai ke ja, amma dama da hagu dole iri ɗaya, girma ɗaya, cin zane ɗaya. In kuma taka mai jan ƙafa huɗu ce to duka huɗun tsayinsu ya zo ɗaya, in ba haka ba kayan cikin ne za su biya. Kuma kar ka sa mai kamu a gaba ka bar mai santsi a baya, wannan juyi motar za ta yi da kai kamar katantanwa.

6. Ƙusa, sarƙa, ko a bar su

In yawancin tuƙinka a kan ƙanƙara ne tsantsa, ƙusa ce kaɗai ke ba da kamu na gaske. Akwai tayoyin da ke zuwa da ita daga kamfani, akwai masu ramuka da ake dasa musu, akwai kuma ƙusa mai zare da ake murɗawa cikin haƙorin taya don tuƙin daji. A dusa mai laushi mai zurfi ƙusa ba ta ƙara komai, asarar kuɗi ce.

Hattara: dasa ƙusa a sabuwar taya ake yi kafin ta taka ƙasa, da ramukan sun cika da tsakuwa ƙusar ba za ta zauna ba. Mai zaren kuma auna zurfin haƙori kafin ka murɗa, in ta fi shi tsawo ka huda tayarka da hannunka. Bayan an sa, yi ɗaruruwan kilomita na farko a hankali ba fizga ba birkin gaggawa don ta zauna. Sannan bincika dokar inda kake in za ka hau kwalta, Jamus misali ta hana, Finlan da Nowe da Suwidin sun yarda amma da lokacinta, a Amurka kowace jiha da nata.

Sarƙa ita ce mafi arha a cikin su kuma tana fitar da mutum kunya. Tayoyin baya ake ɗaura wa, ka yi tafiya kaɗan ka tsaya ka sake ɗaure ta, gudu kar ya wuce kilomita 50 a awa. Gwada ɗaurawa a gareji tukuna, koyon sarƙa da daskararrun yatsu ba daɗi. Kuma kar ka haɗa sarƙa da tayar da ka sace wa iska sosai, za ta yi sako-sako ta daki tiyon birki.

7. Wajen saye

Lissafin kuɗin ba taya huɗu ba ne kawai. Sa kuɗin ɗaurawa da balansin, sabbin bawul, ƙusa in za ka sa, da wili na biyu in da hali. Wilin ƙarfe mai sauƙin kuɗi ya isa, kuma cikin 'yan shekaru yake mayar da kuɗinsa tunda ba sai kana biyan cirewa da ɗaurawa sau biyu a shekara ba, bakin tayar ma ya huta. Wili mai matse bakin taya da noti zagaye shi ne mai tsada, kar ka saya sai in da gaske dusa mai zurfi kake shiga kana sauke iska ƙasa sosai, kuma wasu wuraren ba a yarda a hau titi da shi ba.

Ta hannu ba laifi, bagi ba ta cin taya, amma duba abu uku. Shekara: bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar sanyin da ta haura shekara 6 robarta ta fara bushewa ko da zanen na nan sabo fil, kuma laushin nan shi kake saye. Zurfi: in ya gaza milimita 4 aikinta a dusa ya ƙare, ni ba na saye ƙasa da 6. Sai gefe, matsa shi ka ga ko akwai ƙananan tsagewa ko kumburi ko faci.

8. Ɗaurawa

Da yawan tayoyin sanyi hanya ɗaya suke juyawa, akwai kibiya a gefe, ta kalli gaba a ɓangarorin biyu. Masu ɗaurawa na yin wannan kuskuren fiye da yadda kake zato, duba kafin ka bar wurin. Ɗaure noti a gicciye da sifana mai auna ƙarfi daidai adadin da aka rubuta wa wilinka, bayan kamar kilomita 80 ka sake bi. Sa murfin bawul mai roba a ciki, in ruwa ya shiga bawul ya daskare iska za ta riƙa zurarewa.

9. Iska

Rabin aikin taya a dusa iska ce, kuma kyauta ce. Kayan da za ka riƙe: geji mai karanta ƙananan lambobi, irin wanda ya tsaya a 30 psi, wato ma'aunin ƙarfin iskar taya, don babban geji ba ya bambance 8 da 11, sai famfon lantarki mai jona batir, da abin sace iska.

Auna a waje bayan motar ta huce, ba cikin gareji ba. In ka sa 15 a gareji mai ɗumin digiri 20 ka fita sanyin digiri 10 ƙasa da sifili, za ka tarar ta koma wajen 12 ba tare da ta yi faci ba. A dusa mai gindi da ƙanƙara bar ta kusa da yadda ka saba a titi, so ake ta yanka. A mai zurfi fara daga 15, ka gwada, ka riƙa ragewa biyu-biyu har ka ji motar ta daina haƙa ta fara hawa sama. Da wili na yau da kullum ni ba na sauka ƙasa da 8 zuwa 10. Gaba ba ta buƙatar ragi kamar baya.

Hattara: da iska kaɗan ba gudu, ba murɗa sitiyari da ƙarfi, bakin taya zai iya zamewa daga wili kuma mayar da shi cikin dusa wahala ce ta gaske. Kafin ka hau kwalta mayar da iskar, taya mai ƙarancin iska zafi take ɗauka ta lalace daga ciki.

10. Gwaji kafin nisa

Samu fili buɗaɗɗe ba bishiya ba rami, ka tashi a giya biyu da totur kaɗan, ka taka birki a gudu kaɗan ka ga nisan da take ja kafin ta tsaya, ka yi kwana dama da hagu. In gaba na zarcewa ƙara nauyi a hanci ko ka rage faɗin tayar gaba. In baya na wutsil-wutsil rage iska kaɗan, ka kuma sassauta ƙafa. In taya ɗaya ce ke juyawa ɗayar na tsaye, ba laifin taya ba ne, haka difiranshal ɗin Beetle yake, wato abin da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin baya biyu, yana bin wadda ta fi santsi, in kana da birkin kwana mai hannu, wanda ke kama tayar baya ɗaya kaɗai, ɗan ja na ɓangaren da ke juyawa sai ɗayar ta karɓa. Da ka ji ta fara nutsewa ɗaga ƙafa nan take, koma baya a kan sawunka, ka sake shiga da ɗan ƙarfi. Shebur da igiyar ja da katakon da za ka ɗora jak a kai kar su bar motar.

In zafi ya dawo cire su da wuri, robar sanyi a ƙasa mai zafi kamar sabulu take ƙarewa. Wanke su, bari su bushe, rubuta da alli wadda ta fito daga wane ɓangare, ka sa su a leda a wuri mai sanyi da rana ba ta kaiwa, nesa da janareta da injin walda.